Gangar Giya, Gadon Asibiti da Bakin Carla Bruni

Ranar Lahadi ta uku a watan Nuwamba, garin Beaune da ke yankin Burgundi a ƙasar Faransa yakan cika ya batse. Attajirai da dillalai sukan zo daga Amurka da Sin da Ingila, su zauna a rumfar kasuwar garin, daura da wani tsohon asibiti mai rufi kala-kala kamar zanen tabarma, a yi gwanjon giyar inabi. Ganga-ganga ake sayarwa, ta katako, kowace tana cin lita 228, giyar cikinta ma ba ta gama nuna ba. Kuɗin na asibitin garin ne, kuma tun 1859 ake wannan ciniki. Cikin gangunan akan ware guda, a gayyato wani sananne ya tsaya kusa da mai buga guduma yana zuga masu kuɗi, abin da aka samu a kanta a miƙa wa ƙungiyar agaji.

A 2012 Carla Bruni aka gayyato, wata shida bayan mijinta Nicolas Sarkozy ya sha kaye a zaɓen shugaban ƙasa. Ta yi murmushi, ta yi raha, ta yi ta ingiza masu tayi har gangar ta kai Yuro 270,000, wani kaso ya shiga gidauniyarta mai tallafa wa ilimi da yaƙi da jahilci. Ba a rufa mako biyu ba sai ga hirarta a mujallar Vogue ta Faransa, inda ta nuna cewa matan zamaninta ba su da sauran buƙatar rajin 'yancin mata, magabata sun riga sun fasa ƙofa, ita kuwa 'yar masu hali ce mai son zaman iyali. Nan take ƙasa ta ɗauka. Wata ƙungiyar mata ta buɗe mata wuta a Twitter, mata suka yi ta jero mata dalilan da suka sa har yanzu da sauran aiki. Cikin 'yan kwanaki ta fito a mujallar Elle ta ce maganar ba ta fita daidai ba, kanta take nufi.

A wata guda ke nan mace guda ta taɓo abubuwa uku: sadaka, giya da matsayin mata. Tambayar da ta biyo baya ba ita kaɗai ta shafa ba. Idan wadda kyau da tallan kayan ƙawa suka ɗaukaka ta buɗe baki a kan waɗannan, nawa ne nauyin maganarta, kuma taimakon da ya biyo ta wannan hanya, karɓarsa za a yi ko kauda kai?

A gidanmu aka yi mini wannan muhawara, ban nema ba. Yayata ungozoma ce a wani asibitin gwamnati, ta haura shekara ashirin tana karɓar haihuwa. Baffanmu kuwa malamin makaranta ne da ya yi ritaya, rediyo ba ya barin kunnensa. Na ba su labarin ne don hira, sai hirar ta zama shari'a, aka yi la'asar aka dawo ba a gama ba.

Kafin in kawo abin da kowa ya ce, ga ko wace ce matar. An haife ta a Turin ta Italiya a 1967, gidan masu masana'anta, iyayenta suka ƙaura Faransa tana ƙarama a shekarun da 'yan bindiga ke sace 'ya'yan attajirai a Italiya. Ta fara tallan kayan ƙawa tana da shekara 19, ta yi wa manyan gidajen ɗinki aiki shekara goma, ta bari a 1997 ta koma waƙa. A Fabrairun 2008 aka ɗaura aurenta da Sarkozy a fadar Elysee. A Disambar wannan shekarar Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya, wato Global Fund, ya naɗa ta jakadiyar kare uwa da jariri daga cuta mai karya garkuwar jiki. Yayanta Virginio wannan cuta ce ta yi ajalinsa a 2006.

Daga nan Yaya ta kama zarenta. Ta ce mu da ba mu taɓa zama a ɗakin awon ciki ba, ba za mu gane ba. Mace ta zo awo da cikin wata biyar, a huda mata yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, a jira minti goma sha biyar. Idan layi biyu ya fito, sai ka rasa ta inda za ka fara. Takan rufe ƙofa, ta ja kujera kusa, ta rage murya saboda uwar miji tana zaune a benci a waje. Abin da ke ba ta ƙarfin bakin yin magana shi ne akwai kwalbar ƙwaya a cikin durowa da za ta miƙa wa matar kyauta, ta ce mata in kin sha kullum, da yardar Allah ɗanki zai fito lafiya. In babu magani, cikin jarirai ɗari da irin waɗannan mata suka haifa, 15 zuwa 45 sukan kamu, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. In akwai magani, adadin yakan faɗo ƙasa da biyar.

"Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya," in ji ta, "ranar da durowar nan ta zama wayam, ba na tambayar wace ce ta roƙo kuɗin, ko me ta sa a jikinta ranar da ta roƙa."

Hujjarta tana da tushe. An kafa asusun nan a 2002, kuma Nijeriya da Nijar suna cikin masu cin moriyarsa, daga gidan sauro zuwa maganin tarin fuka. Kuɗinsa kuwa roƙo ne: duk bayan shekara uku sai an zauna da gwamnatoci an ce kowa ya faɗi abin da zai bayar. Ɗan siyasa ba ya sakin kuɗi don jaririn da ba zai taɓa jefa masa ƙuri'a ba, sai in mutanen ƙasarsa sun san da zancen. A nan ne fuska ke aiki. Likita zai je Wagadugu sau goma babu jaridar Paris da za ta bi shi. Da Carla ta je a Fabrairun 2009, kyamarori suka bi ta har bakin gadon masu jego. Ta je Benin a farkon 2010, ta jagoranci gangamin neman a kawar da yaɗuwar cutar daga uwa zuwa ɗa, kuma a watan Satumbar shekarar Faransa ta ƙara gudummawarta daga Yuro miliyan 300 zuwa 360 a shekara. Ba wanda zai iya auna nawa ne na matar shugaban ƙasa a cikin wannan ƙari. Amma wanda zai ce ba ta da ko sisi a ciki, shi ma bai san zaman aure ba.

Yaya ta ƙara da batun asibitin Beaune kansa. A 1443 wani babban wazirin sarkin Burgundi, Nicolas Rolin, da matarsa Guigone de Salins suka gina shi don talakawa, bayan yaƙi da annoba sun daidaita yankin. Masu hali suka riƙa bar masa gonaki in sun mutu, har suka kai kimanin hekta 60. A wajenmu wakafi za a kira wannan. Bambancin kawai, ƙasarsu inabi take fitarwa, su kuma giya suke yi da shi. An yi ta jinyar marasa lafiya a tsohon ginin har zuwa 1971. Mutanen da suka riƙe amanar matattu fiye da shekara ɗari biyar, in ji ta, ba mu ne za mu koya musu sadaka ba, mu da filin makabarta ma sai an yi rigima a kansa.

Baffa ya bari ta kai aya. Sannan ya ce shi bai ƙi kyau ba, bai ƙi suna ba, littafin kuɗi yake so a buɗe masa. Ya kawo Naomi Campbell, abokiyar sana'ar Carla, wadda ta kafa Fashion for Relief a 2005, ta yi ta shirya bukukuwan nuna kaya a Landan da Cannes da sunan agaji. A Satumbar 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila ta haramta mata riƙe amanar kowace ƙungiya tsawon shekara biyar. Binciken ya nuna cewa daga 2016 zuwa 2022, kashi 8.5 cikin ɗari kacal na abin da aka kashe ne ya tafi tallafi, kuma cikin abubuwan da aka biya da kuɗin ƙungiya har da otal na alfarma, da gyaran jiki, da taba. Ita ta ce ba ita ke riƙe da ragamar kuɗin ba, ta ƙalubalanci hukuncin. To ko da an wanke ta, in ji Baffa, ai sunanta aka nuna wa mutane suka zuba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ita ma Carla ba ta tsira daga tambaya ba. A Janairun 2012 mujallar Marianne ta yi zargin cewa kuɗin gangamin da ta jagoranta sun bi ta kamfanonin wani na kusa da ita ba bisa ƙa'ida ba. Ita da asusun duka sun musanta, kuma adalci ne a faɗi haka. Abin da ba a musanta ba shi ne wa'adin: an ce zuwa 2015 za a daina haihuwar jarirai da cutar. Shekarar ta zo ta wuce, Yaya tana nan tana rufe ƙofa tana rage murya. Taron roƙon kuɗi na Oktoban 2010 ya tara dala biliyan 11.7, ƙasa da mafi ƙarancin abin da aka nema. Kyamara takan zo kwana biyu ta koma. Cikin mace wata tara ne, shayarwa kuma ta fi haka.

Ina ganin a wannan gaɓa Baffa ya ɗan yi zalunci, domin gazawar duniya ba a ɗora wa mutum ɗaya ita. Amma da ya iso kan giya, sai na ga Yaya ta gyara zama.

A 2020 Carla da mijinta suka shiga cikin masu mallakar wata gonar inabi da zaitun mai suna Estoublon a kudancin Faransa, kuma ita ce fuskar wata giya mai ruwan hoda da gonar ke fitarwa, Roseblood. Nan babu asibiti, babu marayu, ciniki ne na neman riba. Abin dariyar, duk Faransa an san Sarkozy ba ya shan giya. Mai kaya ba ya taɓawa, yana sayar wa wasu. Baffa ya ce ya san irinsu a kasuwa.

Alƙaluman ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. A Faransa kaɗai hukumar lafiyar ƙasar ta lissafa mutum 41,000 a 2015, dubu 11 daga ciki mata. Tun 1988 aka sa giya a sahun farko na abubuwan da ke haddasa sankara, sahu ɗaya da taba, kuma a farkon 2023 reshen Turai na Hukumar Lafiya ya ce babu wani adadi da za a ce shansa ba shi da haɗari. Jikin mace ya fi saurin jin illarta: in ta sha daidai da namiji, tata ta fi taruwa a jini, hantarta ta fi saurin lalacewa, haɗarin sankarar mama yana ƙaruwa. Faransawa da kansu sun san wannan. Tun 1991 suka yi dokar da ta hana tallan giya a talabijin da silima, kuma tun 2007 dole kowace kwalba ta ɗauki gargaɗi ga masu juna biyu, galibi hoton mace mai ciki an ja masa layi. To in doka ta rufe wa talla ƙofa, sai a samo fuskar da duk ƙasa ta sani ta riƙe kofi a shafin mujalla, a kira shi hira.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A Oktoban 2023 Carla ta bayyana cewa ta yi fama da sankarar mama shekaru huɗu baya, ta ce gwajin da take yi duk shekara ne ya sa aka gano da wuri, ta roƙi mata su je a duba su. Wannan jarumta ce, kuma ba mai hankalin da zai ce ga abin da ya jawo mata cutar. Sankara tana kama wadda ba ta taɓa jin ƙanshin giya ba, asibitocinmu shaida ne. Sai dai bakin da ke cewa ku je gwaji shi ne ke tallan abin da likitoci suka ce yana ƙara haɗarin cutar. Wadda ta taɓa zama jakadiyar uwa da jariri ce ke sayar da kwalba mai hoton mai ciki an soke. Yaya ba ta ce komai ba a nan, sai ta ce a miƙo mata buta.

Batun addini bai ɗauke mu lokaci ba, don ba a saɓa a kansa ba. Giya haramun ce ga Musulmi, shanta da sayar da ita da ɗaukarta, kuma malamai sun karantar da mu cewa ba a neman lada da dukiyar haram. Cikin 'yan uwanmu Kiristoci ma akwai majami'u da dama da ke hana mabiyansu sha. Amma Carla ba Musulma ba ce, ba kuma fatawa ta nema ba. Tambayar da ta rage tamu ce, ta mai karɓa. Malaman nan dai su ne suka ce wanda dukiyar haram ta shigo hannunsa ya rabu da ita ta hanyar amfanin jama'a, talakan da ta isa gare shi ba shi da laifi. Baffa ya yarda da wannan, ya ce matsalarsa ita ce a yi wa kwalba wanka da ruwan sadaka har ta fito fes a idon yara.

Ni ne na tsoma baki na ce mu bi a hankali, laifi tudu ne. A 2021, da Jihar Ribas ta yi nasara a kotun tarayya ta Fatakwal kan wa ya kamata ya karɓi harajin VAT, gorin da aka yi ta yi mana ke nan: kuna fasa kwalabe a Kano, ƙarshen wata kuna karɓar kason harajinsu daga Abuja. Muna da amsoshi, wasu ma masu ƙarfi, amma ban ga jihar da ta mayar da kasonta ba. Baffa ya harare ni, ya ce ai ba da ni ake ba.

Sauran magana ita ce ta shugabancin mata, kuma a nan ne layin ya rikice, domin Baffa ne ya koma mai kare Carla. Ya ce me ta faɗa da ya kai a yi mata taron dangi? Mace ta ce tana son gidanta da 'ya'yanta, ta fi jin daɗin zaman iyali, sai a ce ta ci amanar mata? In 'yanci ake nema, ai har da 'yancin zaɓar gida. Ya tuna mana cewa ba matsoraciya ba ce: a 2010 ta sa hannu a wasiƙar neman sassauci ga Sakineh Ashtiani, matar da aka yanke wa hukuncin jefewa a Iran, har jaridar Kayhan ta yi mata zagin ƙare dangi. Wadda ta ɗauki wannan zagi saboda wata mace, ba a ce ba ta damu da mata ba.

Yaya ta ce ba zaɓin gida ne laifin ba, cewa an gama aiki ne laifin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa Carla ɗakinta bai taɓa yoyo ba. Tarihin ƙasar yana bayan Yaya. Sai a 1944 matan Faransa suka sami damar jefa ƙuri'a. Har zuwa 1965, shekara biyu kafin a haifi Carla, matar aure ba ta da ikon kama aiki ko buɗe asusun banki sai da amincewar miji. Firaminista mace ta farko, Edith Cresson, ta hau a 1991, ba ta cika shekara ba aka sauke ta, kuma sai bayan shekara talatin aka sake naɗa wata, Elisabeth Borne, a 2022. Shugabar ƙasa mace kuwa ba a taɓa yi ba. Wadda ta fara kaiwa zagaye na biyu, Segolene Royal, mijin Carla ne ya kayar da ita a 2007. Kuma a Janairun 2011, suna zaune a fadar Elysee, aka yi dokar da ta tilasta wa manyan kamfanoni ba mata kashi 40 cikin ɗari na kujerun daraktoci. In da ƙofa a buɗe take, da ba a buƙaci doka ta tura ta ba.

Ni abin da na gani ya ɗan bambanta da na su biyun. Ana tambayar Carla ra'ayinta kan shugabanci ne saboda an ɗauka ta yi shugabanci, alhali ba ta taɓa tsayawa zaɓe ba, ba ta taɓa riƙe ma'aikata ba. Ikon da ta yi na aro ne, na kujerar miji, kuma mun san wannan iko sarai. Maryam Babangida ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, ya shiga lungu da saƙo, da mulki ya ƙare ya bi shi. Wadda ta zo daga baya ta kafa nata da wani suna. Wani abu yakan saura, Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja daga shirin Maryam Abacha ya samo asali, amma yawanci allon suna ne ke saura a bakin gini. Matar shugaba tana iya yin alheri mai yawa. Sai dai yarinyar da ke neman hanyar zama shugaba ba abin da za ta koya daga wannan tafarki, in ba jiran wanda za ta aura ba.

Masu harkar giya suna da amsarsu, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce a sana'arsu aka ga mata shugabanni tun kafin a gan su a majalisa. Barbe-Nicole Clicquot mijinta ya rasu a 1805 tana da shekara 27, ta karɓi kamfanin, ta mai da shi na duniya a zamanin da mace ba ta da ta cewa a kasuwanci. A Beaune ɗin ma, a 2015 aka damƙa wa Ludivine Griveau ragamar gonakin asibitin, mace ta farko tun kafa shi. Waɗannan aiki suka sani, ƙasa da yanayi da lissafi, ba wanda ya ɗauke su don fuska. Na yarda shugabanci ne, ko da kayan ba nawa ba ne. Inda nake ja da baya shi ne lokacin da aka mai da labarinsu talla. Kamfanin Clicquot yana ba mata 'yan kasuwa lambar yabo tun 1972, kowane biki kuma da kwalbarsa a hannun kowa. An taɓa yin irin wannan dabara: a 1929 a birnin New York, wani gwanin talla ya sa 'yan mata suka yi maci suna busa taba a bainar jama'a da sunan 'yanci, kamfanin taba ne ya biya. Matan sun sami damar busawa, shekaru suka ja, sankarar huhu ta biyo su.

Ba duk masu tallan kayan ƙawa ne suka tsaya a hoto ba, kuma su ne ma'aunin da ya kamata a auna saura da shi. Christy Turlington ta gamu da zubar jini bayan haihuwa a 2003, ta koma jami'a ta karanci lafiyar al'umma, ta kafa Every Mother Counts a 2010, har yau a kan mace-macen masu haihuwa take. Liya Kebede ta Habasha ta ga masaƙan Addis Ababa suna rasa kasuwa, ta kafa kamfanin Lemlem a 2007 don saƙarsu ta sami mai saye. Suna ne ya buɗe musu ƙofa kamar kowa, amma da suka shiga sun zauna, sun koyi abin, sun daɗe a kansa bayan kyamara ta tafi. In irin waɗannan suka yi magana kan uwa ko kan masaƙi, ina kasa kunne.

Da magariba ta gabato aka nemi in yanke. Na ce a kan kuɗin magani ina bayan Yaya: ƙwayar da ke cikin durowarta ba ta san wa ya roƙo ta ba, kuma Carla ta yi wannan roƙo da zuciyar wadda ta binne ɗan uwanta, ban da dalilin ƙaryata ta. A kan kwalba ina bayan Baffa, har na fi shi zafi, domin gwanjon Beaune tsohuwar al'adar mutanensa ce da asibiti ke ci, amma Roseblood kasuwa ce, kuma wadda ta ce wa mata su kula da lafiyarsu bai dace ta zama ita ce mai miƙa musu kofi ba. A kan shugabanci kuwa, maganarta ta 2012 kuskure ce, ita ma ta amsa, kuma wanda ya fi kuskure shi ne wanda ya je tambayarta ya bar Cresson da Borne da matan da ke tafiyar da asibitoci. Baffa ya ce na raba gardama irin ta matsorata. Yaya ta ɗauki jakarta, aikin dare gare ta.

Yanzu gidauniyoyi sun yi yawa a wajenmu, na 'yan fim, na mawaƙa, na matan gwamnoni, kowa da hoton rabon shinkafa a Facebook da azumi. Ba na zargin kowa, kuma na san akwai masu yi don Allah. Roƙona gare su ɗaya ne: a ƙarshen kowace shekara ku fitar da takarda guda, ku rubuta nawa ya shigo, daga hannun wa, nawa ya isa ga mabuƙata, nawa aka kashe a kan biki da mota da mai ɗaukar hoto. Ku kuma masu turo kuɗi, ku nemi takardar nan kafin ku sake turawa.